Baftisma a Kwamin Shanu

A wani ƙauye can bayan Kanan-Bakashe, kowa ya san Zara'u da abu biyu, addu'a da mita. Ita Kirista ce tun daga gidan ubanta, mijinta Mai Nasara kuwa ya riƙe tsafin kakanninsa gam. Tun tana amarya take roƙon Allah ya juyo da zuciyarsa, har furfura ta cika kawunansu. Sai ga shi a shekarar da fari ya yi tsanani, sojoji na mulki suna rabon jar dawar agaji a Mayahi, tsoho ya tashi wata safiya ya ce a aika wa Fasto Ishaƙu na Tasawa yana son baftisma. Ba ciwo ya kama shi ba, ba kuma wanda ya matsa masa. Cewa ya yi ya gaji da gudu, Yesu ya cim masa.

Da wata macen ce da guɗa za ta yi. Zara'u dai ta yi ɗan kukanta, ta share hawaye, nan take ta shiga tunanin abin da Fasto zai ci. A ganinta abin kunya ne a ajiye wa baƙo tuwon jar dawar nan, wanda ko kare sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Tana da ɗan geron da ta ɓoye a gindin tukunya, ko da yunwa ta matsa ba ta taɓa shi ba. Shi ta fito da shi, ta surfa, ta daka, tana yi tana faɗa da kaji, tana jifar akuyar maƙwabta da ke leƙen turmi. Can cikin ranta gani take in ranar nan ta yi kyau, to hannunta ne ya gyara ta, in kuma ta lalace laifinta ne.

Sauran magana ita ce ruwa. Tafki ya ƙafe tun bara, sai rijiya ɗaya mai zurfi da ake bi da bi: mutanen gari da sassafe, makiyaya da hantsi. Zara'u ta ce maza su ji da wannan. Ta kuma tabbatar wa kanta Fasto ba zai iso ba sai bayan azahar, don motar Tasawa ba ta wuce shingen jandarma ba tare da an sauke kowa an bincike kaya ba.

To ranar nan jandarmomi ko ɗaga kai ba su yi ba. Da hantsi mota ta ajiye Fasto daidai rijiya, inda Mai Nasara da 'yan majami'arsu, da ba su fi a zaunar a kan tabarma biyu ba, suke tsaye suna shawarar inda za a samo ruwa. Abdussalamu, Bafulatanin da lokacin shayar da shanunsa ya yi, ya ji abin da suke ciki. Musulmi ne, amma shi da Mai Nasara sun daɗe suna musayar taki da karan gona. Ya sa takarkarinsa ya yi ta jan guga har kwamin siminti ya cika, sannan ya tare shanunsa da sanda. Ya ce su yi abinsu, ruwan ba asara zai yi ba, shanu za su sha bayansu. Sai dai a hanzarta, don dabba mai ƙishirwa ba ta san girman Fasto ba.

Adama, matar Abdussalamu, ce ta zo kiran Zara'u. Ta same ta durƙushe gaban murhu, talge ya nuna, ta zuba gari ta fara tuƙi. Duk macen da ta san tuwo ta san wannan ne lokacin da ba a ɗaga hannu. Zara'u ta ce a gaya musu su ɗan jira, in ta bar shi yanzu gudaji zai yi, ga akuyar can tana fakon garin da ya rage. Ta soma mitar wanda ya ce Fasto ya yi sammako.

Adama ta tsaya ta dube ta. "Inna Zara'u, tun ina ɗiya ƙarama nike jin kina roƙon abin ga. Ga shi can bakin rijiya. Shanu ba su jiran tuwo."

Hannun Zara'u ya tsaya cikin tukunya. Sai kawai ta miƙe ta fita da gudu, ɗankwali a karkace, muciya a hannu, ta manta ma tana riƙe da ita.

Ta iso ana waƙa, shanu na kuka suna ture sandar Abdussalamu. Mai Nasara na zaune cikin kwami, dogayen ƙafafunsa sun ƙi shiga sai da aka lanƙwasa su, mutane na ƙunshe dariya. Fasto ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi, ruwa ya rufe furfurar nan. Da ya ɗago, dariya yake yi irin wadda Zara'u ba ta ji ba tun suna da ƙuruciya. Murna ta kama ta. Ta dubi ruwan, ta ga ko ɗigo ɗaya ba ita ta ja ba. Ba ita ta kawo motar da wuri ba, ba ita ta taɓa zuciyar tsohon ba. Alheri ne aka yi mata a kyauta tana can tana faɗa da akuya.

Mai Nasara na fita Abdussalamu ya sauke sanda, shanu suka afka wa kwami. Tsoho ya tako wajenta, riga na ɗiga, ya dubi muciya ya dube ta.

"Mi za ki tuƙa nan, Zara'u? An gama komi tun ba ki zo ba. Naki ki amsa."

Ta yi dariya har da hawaye. Iska ta kaɗo ƙaurin tuwo daga wajen gida, kowa ya ji, kowa ya juyo yana jiran ta zabura. Zara'u ta ajiye muciya a ƙasa, ta kama jiƙaƙƙen bakin rigar mijinta, ta ce Fasto ya sake ɗauko waƙar daga farko, ita ba ta samu baitin fari ba.