Gam ɗin Ɓera a Ɗakin Mahauci

A mayanka Sau-Ɗaya ake kiransa, domin duk tsawon zamansa mahauci ba a taɓa ganin ya maimaita wuƙa a wuyan dabba ba. Yanzu kuwa babu mai kiransa haka. Baba ne kawai, tsoho mai shanyayyen ɓarin jiki a ɗakin baya na gidan babban ɗansa, hannun daman da ya yi masa suna yana kwance a gefensa kamar na aro.

Saboda Allah ba za a ce ana wulaƙanta shi ba. Ɗan, wanda makaniki ne, shi ke yi masa wanka da kansa kafin ya tafi gareji. Surukarsa Malama tana ba shi shayi da cokali, ba a taɓa jin ta yi tsaki ba, ta ajiye masa kofin ruwa da rediyo inda hannun hagu zai kai, sannan ta wuce makaranta. Daga nan gida ya yi tsit har la'asar. Idan ɗan ya dawo sai ya ciccibe shi ya kai shi kujerar ƙofar gida, ya zauna yana kallon titi, mai gyaran takalmi ya tsokane shi da cewa yaushe za a yanka masa sa, shi kuma ya ɗaga masa yatsa. Wannan zaman shi ne duk abin da ya rage masa na duniya, kuma ya sani. Likita ya riga ya ja musu kunne cewa ƙasusuwan sun rarake, idan ya sake faɗuwa ya karye a kwatangwalo, to shi da zama sun yi sallama, sai kwanciya har abin da Allah ya yi.

Ɓeraye suka addabi gidan. Sun ci sabulu, sun ci buhun shinkafa, da suka kai ga takardun jarrabawar ɗalibanta sai haƙurin Malama ya ƙare. Ta sayo kwalayen nan da aka shafe da gam, ta rarraba a lungunan gida, ta ajiye guda a gindin kabad ɗin ɗakin Baba. Ya so ya ce mata a nemo tarko mai ɗanawa, wanda ke karya wuya nan take, amma harshen ya ƙi ba shi haɗin kai. Ita ta ɗauka tsoron guba yake yi. Ta durƙusa ta ce masa kada ya damu, wannan ba ya wari kuma ba ya cutar da mutum. Ya dube ta ya haƙura. Mutum ba ya jayayya da matar ɗansa a kan kwali.

Washegari, ba a daɗe da rufe ƙofar waje ba, ya ji tsuwwa daga gindin kabad. Ya karkato kai ya hango shi, ɗan ƙaramin ɓera ruwan toka, ƙafafunsa na baya da wutsiya sun manne. Da farko ma daɗi ya ji, ya ce a ransa maganinka ke nan, ɓarawon sabulu.

Shi dai kisa bai taɓa hana shi barci ba. Yakan yi dariyar masu rufe ido idan an kayar da sa, anjima ka same su a layi suna rigima a kan hanta. A ganinsa duk mai rai da ran wani yake rayuwa, daga tsutsa har ɗan Adam, wanda ya ce hannunsa ba jini to wani ne ke yi masa yankan. Abin da bai yarda da shi ba shi ne jan rai. Maigidansa na farko ya taɓa kwaɗa masa mari don ya wasa wuƙa a gaban akuya, kuma har ya tsufa yana gode wa marin nan. A shayar da dabba, a kawar da idonta daga 'yar'uwarta, a gama kafin ta gane. Iyakar iliminsa ke nan, kuma bai taɓa ganin ya yi kaɗan ba.

Ɓeran bai gane komai ba sai cewa an riƙe shi. Ya ja, ya ja, gefensa ya kwanta a gam ɗin. Ya sake yunƙurawa, kumatunsa ya manne. Kukan ya koma siriri, ya tsaya, ya dawo. Baba ya ƙara muryar rediyo, wani yana ta bayani a kan takin zamani. Sai kunya ta kama shi, ya kashe. Shi da kansa ya zama mai rufe ido.

Ya gwada kiran maƙwabciya, abin da ya fito daga bakinsa ko shi kansa bai gane ba. Da hantsi ya ɗaga sai ga tururuwa a layi ta bakin taga. Na gaba suka manne, na baya suka taka gawarsu suka wuce, har suka kai ga idon ɓeran da ke sama. Ɓeran ya fara gatsar ƙafarsa ta gaba. Baba ya ɗauki kofin ƙarfen da ke gefensa ya auna ya jefa. Hannun hagu bai taɓa koyon komai ba, kofin ya bugi kabad ya gangara, ruwan ya malale a siminti.

Ya koma ya kwanta yana haki, yana kallon silin. Me wannan halitta take wa wannan wahala haka, ya tambayi kansa. A ce ma ya kuɓuta, ina za shi? Ya koma rami, ya ci sabulu, ya haifi wasu masu cin sabulu. Sai tambayar ta juyo kansa ba tare da ya gayyace ta ba. Shi fa? Kullum safe yana haɗiyar ƙwayoyi, ana juya shi, ana share shi, don ya kai la'asar ya ga mai gyaran takalmi. Ya yi istigfari da sauri. Amma istigfarin bai kori amsar ba, kuma amsar ba ta da wani ado: yana so. Yana son la'asar ɗin nan kamar yadda ɓeran ke son raminsa, ba dalili, ba hujja. Mai rai ba ya rasa motsi, shi ke nan. Ransa ya ɓaci ƙwarai da ya ga duk shekarunsa ba su koya masa abin da ya wuce wannan ba.

La'asar tana da nisa. Ya san irin wannan mutuwar, tana iya kai gobe. Ya san kuma abin da likita ya faɗa, bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya daɗe yana sauraron kukan yana fatan ya tsaya da kansa, ya ƙi tsayawa.

Dabarar da ya yi ba ta da laifi. Zai zamo daga gadon a hankali, ƙafar lafiya ta fara taɓa ƙasa, ya riƙe katifa da hagu har ya zauna. Abin da bai lissafa ba shi ne matacciyar ƙafar, wadda ta naɗe a zanin gado ba tare da ya ji ba. Ya tafi gaba ɗaya ta gefe. Ƙarar da ya ji ba ta buƙatar likita. Ya sha jin ta a kan gungumen sara, duk lokacin da gatari ya raba cinya da ƙugu.

Da ya farfaɗo, zufa ta jiƙe shi, kukan yana nan. Ya ce to, tunda an biya, sai a karɓi kaya. Ya ja jiki da gwiwar hannu, yana tsayawa duk lokacin da duhu ya rufe masa ido, har ya kai ga kofin. Ya yi bisimilla. Bugun farko ya sauka a bayan ɓeran, ya ƙara masa azaba kawai. Na biyu ya zame. Kwalin yana ta gudu a kan siminti, sai ya danne shi da gefen hannu ya ci gaba da bugu da gindin kofin, bai san sau nawa ba, har abin ya daina motsi. Sau-Ɗaya ya dubi aikin hannunsa ya fashe da kuka. Ba ciwon ƙugun ba ne. Ko yaron da ya fara zuwa mayanka jiya ba zai yi wannan ƙazamin aiki ba.

Da ya zo janye hannun sai ya ji ya manne. Haka ya kwanta, kumatunsa a siminti, tururuwa tana hawa damtsensa, har rana ta juya.

Malama ce ta fara dawowa. Ta yi salati sau ɗaya, ta kira mijinta a waya, ta ɗebo man girki ta durƙusa tana shafa masa a hannu tana ɓamɓare kwalin a hankali, hawayenta na ɗiga, ba ta yarda sun haɗa ido ba. A asibiti likita bai yi faɗa ba, ya dai ce jikin ba zai ɗauki tiyata ba, a mai da shi gida a riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo.

Ɗan da kansa ya yi waldar ƙarafa a gareji ya ɗaura wa gadon ta kowane gefe. Ya yi aikin da kyau, har fenti ya shafa. Ranar da ya gama ɗaure su ya zauna a bakin gadon, ya daɗe yana murza yatsunsa masu baƙin mai, sannan ya yi maganar da ke cinsa.

"Baba, a kan ɓera? Da ka jira mu dawo ai da na kashe shi."

Tsohon ya tattara harshensa, kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya.

"Kai... ba ka san tsawon yini ba."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Mutumin kirki ne, kuma maganar ta shige shi, sai dai ya fahimce ta daidai gwargwadonsa. Ya fita ya ce wa matarsa kada a sake ajiye gam a ɗakin Baba, tunda abin yana tayar masa da hankali. A mai da kwalayen ɗakin ajiya.

Ɗakin ajiya kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da gadon. Bayan 'yan kwanaki, da safe, ɗan ya yi masa wanka ya juya shi ya fuskanci bangon kamar yadda likita ya ce, Malama ta gyara masa matashi, suka yi masa sai sun dawo. Ƙofar waje ta rufu. Gidan ya yi tsit, sai can ta cikin bulo ya fara jin wata 'yar siririyar tsuwwa, tana tsayawa tana dawowa. Ya miƙa hagunsa ya kama ƙarfen gadon ya girgiza. Waldar ta yi ƙwari.