Kwale-kwalen Tok Jusoh

Shekara uku Pak Embong yana riƙe da Datuk Mansor a zuciya, kuma ko sau ɗaya bai roƙi Allah ya cire masa abin ba.

Datuk mai otal ne a bakin teku a jihar Terengganu, ba abin da yake so a duniya irin tara tsofaffin kwale-kwale. Ya bi ƙauyukan masunta ya saye su ɗaya bayan ɗaya, ya gina musu zauren gilashi mai na'urar sanyi, ya jera su kamar kwanukan amarya. Na tsakiya, siriri mai kan zalɓe a goshi, Tok Jusoh ne ya sassaƙa shi, mahaifin Embong. Shi da Embong suka lanƙwasa katakansa a kan wuta. Amma allon tagullar da aka kafa a gabansa cewa ya yi aikin Haji Daud ne, kakan Datuk. Haji Daud kuwa dillalin busasshen kifi ne, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa riƙe gizago ba.

Embong ya je da ladabinsa ya ce akwai kuskure a allon. Datuk ya dube shi a gaban baƙi ya yi dariya.

"Pak Embong, ina takarda? Nuna mini zanen da babanka ya yi, yanzu in sa a cire allon."

Datuk ya san sarai masassaƙan tsibirinsu na Duyong ba sa zane. Da ido suke awo, a ka suke ajiyewa.

"Kowane tsoho a tsibirin nan," in ji Datuk, "in ka biye masa, ubansa ne ya yi jirgin Annabi Nuhu."

Baƙi suka kwashe da dariya. Embong ya fito kunnuwansa na zafi, tun daga ranar ko ta gaban otal ɗin ba ya bi.

Ana nan sai otal ya cika shekara goma. Datuk ya ƙudura ranar bikin zai shiga kwale-kwalen kakansa, shi da wani babban baƙo daga birni, a tuƙa su a gaban 'yan jarida. Aka nemi mai gyara, duk wanda aka tambaya sai ya nuna gidan Embong. Dole Datuk ya aiko mota.

Matarsa Mek Limah ta tsaya a bakin ƙofa. "Abang, maigidana, ba kai ka rantse ba za ka sake taka gidan mutumin nan ba?"

"Ba gidansa za ni ba. Wurin jirgin Baba za ni."

"Wannan murmushin naka bai kwanta mini ba."

Wata biyu Embong ya yi yana aiki, kuma bai yi ha'inci ko na ƙwayar zarra ba. Ya zare turakun katako da suka ruɓe ya fiƙe sababbi. Ya cusa sabon ɓawon itacen gelam a tsakanin katakai, ya maido da fenti yadda tsohon ya bar shi. Wani lokaci sai ya ci karo da sawun gizagon mahaifinsa, ya tsaya yana shafawa, baƙin ciki ya taso masa sabo.

Irin wannan jirgi ba ƙusa, ba kwalta. Ruwa ne ke riƙe shi. In ya daɗe a tudu katakai sukan tsuke, sai an nutsar da shi a ruwan gishiri kwana uku ko huɗu, katako da ɓawo su sha su kumbura su rufe kowace kafa. Ko mai sayar da kifi a kasuwa ta san wannan. Shi kuwa wannan shekararsa uku yana shan busasshiyar iskar na'ura.

Ana jibi biki Datuk ya zo duba aiki, ya zagaya yana jinjina kai.

"Madalla, tsoho! Akwai abin da ya rage?"

"Aikin hannuna ya ƙare, ranka ya daɗe. Abin da ya rage, jikan Haji Daud ai ba sai an gaya masa ba."

Datuk ya washe baki, ya juya ga ma'aikatansa. "Kada ɗigon ruwa ya taɓa fentin nan kafin ranar!"

"Yadda ka ce," in ji Embong. Abu ɗaya ya roƙa, a bi ta kan tudun yashi inda ruwa bai wuce ƙirji ba, wai don masu hoto su samu da kyau. Kunya yake nema wa mutumin, ba kabari ba.

Ranar biki da hantsi aka ɗauko jirgin a kafaɗa. Datuk ya sha siliki da zare na zinariya, ya yi jawabi mai tsawo a kan hannun kakansa mai albarka. Che Ngah, wani tsohon masunci, ya matso kusa da Embong.

"Kai, an ba jirgin nan ruwa kuwa? Na gan shi ƙamas."

"Mai shi ya hana."

Che Ngah ya dube shi, ya dubi Datuk, ya cusa haɓar rawaninsa a baki don danne dariya. Kafin a jima duk masuntan sun sani, amma ba wanda ya gaya wa Datuk.

Tuƙi goma aka yi lafiya. A na ashirin babban baƙo ya ɗaga ƙafafunsa. Ruwa na tsattsafowa ta kowace kafa, ya rufe takalmin Datuk, ya kai gwiwa, masu tambura suna ta kiɗa ba su lura ba. A hankali jirgin ya zauna a kan yashi. Datuk ya taho gaɓa da ƙafa, siliki ya manne masa a tumbi, baƙonsa na biye yana riƙe da takalmi ɗaya. Masunta har da masu faɗuwa ƙasa don dariya.

Wata 'yar jarida ta miƙa masa lasifika. "Datuk, dama haka jiragen kakanka suke?"

"Wane kakana! Kakana ɗan kasuwa ne, me ya haɗa shi da wannan tarkace? Aikin Jusoh ne, uban wancan tsohon! Ya kwashe kayansa, kada in sake gani!"

Embong ya matso ya kama kunne. "Ranka ya daɗe, jina ya yi nauyi. Wa ka ce ya sassaƙa?"

"Jusoh! Ubanka Jusoh!"

Lasifika ta kai maganar har tsallaken ruwa. Zagi ne, kuma ya soki Embong, amma daɗin da ya ji ya fi zafin yawa.

Ya bar jirgin a inda ya nutse. Rana ta huɗu da ruwa ya janye, shi da Che Ngah suka kwarfe shi tas. Jirgin ya taso ya tsaya cak, ko zufa ba ya yi. Embong ya zaunar da Mek Limah a tsakar cikinsa, ba tabarma, ya tuƙa har gaban barandar otal inda Datuk ke karin kumallo da baƙinsa. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, a bushe. Che Ngah ya ɗaga murya daga gaɓa: "Aikin Tok Jusoh ke nan!"

Datuk ya ajiye cokali ya shige ciki.

"To, Abang," in ji Limah, "yanzu sai ka yafe masa."

Embong ya juya kan jirgin a hankali.

"Ban yafe ba. Gobe ma da hantsi zan zo."