Batirin Motar Munir

Sai a murɗawa ta uku motar ta tashi, tana tari kamar tsohon mashayin taba. Baba Usuman ya lallaɓa ta har garejin Zaharaddeen da ke unguwar Kurayyat a Jidda, yana addu'ar kada ta mutu masa a hanya.

Motar ta ɗansa Munir ce. Tun da aka kama yaron babu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, aka tura shi Kano, garin da bai taɓa gani ba, Baba ke tada ta kowace safiya, ta yi ɗumi, ya kashe. Ba ya zuwa ko'ina da ita. Shi dai kada Munir ya dawo ya tarar da ita a mace. Kewar yaron nan kuwa ta hana shi sakat.

Zaharaddeen ya gwada batirin, ya girgiza kai.

"Baba, wannan ya gama aiki. Zafin Jidda ya riga ya cinye shi, ga shi an ce sanyin bana ba na wasa ba ne. Wata safiya za ka murɗa ka ji shiru. Ko dai a sa sabo yanzu, ko a cire shi a lulluɓe motar da tamfol."

"A lulluɓe ta? Gawa ce?"

"To, a tambayi mai ita mana."

Baba ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya kira. Munir ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, ya gaishe shi, ya saurara.

"Baba, don Allah ka sayar da ita ka huta," in ji shi. "Na samu rumfa, ina sayar da atamfa, alhamdu lillahi. Ni kam na zauna a nan. Kai ma ya kamata ka zo ka gani."

Hausar tsaf, babu gargada. Yaron da a da ba ya iya gaisuwa bai cusa Larabci ba! Baba ya ji daɗi, ya sa masa albarka. Yana ajiye wayar kuma zuciyarsa ta karye.

"Halas, shi ke nan?" in ji Zaharaddeen, da sifana a hannu. "In cire?"

"Sa sabo."

"Ai ka ji abin da ya ce, Baba."

"Na ji." Baba ya goge ƙurar madubi da hannun rigarsa. "Ka zaɓo mini wanda ya fi daɗewa."