Sarƙa Ɗaya

Mijina Ujep ba mai yawan magana ba ne, ni Tresl ni ce mai surutun gidan, shekara hamsin da ɗaya ina yi yana gyaɗa kai. To yanzu babu mai gyaɗa kan, sai ku yi haƙuri da ni.

Muna da makiyaya can saman dutse, inda muke yankan ciyawa da bazara mu shanya, mu tara a bukka. Idan sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai maza su hau su sauko da ingiricin a kan amalanke marar ƙafa, wanda ke zamewa a kan katako biyu. Hanyar da ake bi ta ratsa filin gari, amma akwai takarda tun zamanin kakan Ujep: muddin gidanmu ya sauko da ingirici ta wannan hanya ya shigar da shi garke kafin ƙararrawar coci ta tsakar rana a ranar idin kyandir, biyu ga Fabrairu, hanya tamu ce. Shekara ɗaya aka tsallake, ta faɗi. Makiyaya kuwa idan babu hanya, sai dai mutum ya tsaya ƙasa yana kallonta.

Da ina amarya maza goma sha biyu ke hawa. Sannu a hankali wannan ya buɗe masaukin baƙi, wancan ya koma ba da hayar allunan wasan zamiya a kan ƙanƙara, aka sayar da shanu. Wani kamfani ya kafa kujerun da ke bin waya suna kai masu zamiya sama, ya share faffaɗan titin zamiya wanda ya yanka hanyarmu gida biyu. Ya rage Ujep da saniyarmu ɗaya, Stela.

Bara sama ta ƙi mu. Har ƙarshen Janairu dutse ja wur, babu fari ko'ina sai wannan titin da injuna ke fesa wa ƙanƙara suna dannewa tun Nuwamba. Ujep kullum yana bakin taga, ba a jan amalanke a kan tsakuwa. Saura kwana biyu idi, sai ga dusar ƙanƙara ta zubo, kamar kamu ɗaya.

Da hantsi Florian ya shigo, shugaban masu gyaran titin. Ɗan ƙawata ne, na sha goya shi.

“Baba Ujep, ka bar ni in hau da motar danne ƙanƙara in sauko maka da shi. Minti ashirin, kana zaune kana shan kofi.”

“Motar wa?”

“Ta kamfani mana.”

“To kamfani ne ya bi hanya ke nan, ba gidan Ujep ba. Lauyanku ne ya aiko ka, ko kanka ne ya yi wannan wayon?”

“Haba Baba! Shekararka saba'in da takwas fa.”

“Lokacin da nake sauko da kaya biyu a yini, kai kana jiƙa wa Tresl baya.”

Na ce, “Wannan kam gaskiya ne.” Florian ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

'Yarmu Nives, wadda ke sayar da tikitin kujerun, ta zo da rana ta tsaya bakin ƙofa ko rigar sanyi ba ta cire ba.

“Baba, don saniya ɗaya? Zan saya maka ciyawa mota guda.”

“Ciyawa ba ta dame ni ba.”

“To ni ba zan hau can ba, 'ya'yana ba za su hau ba. Wa kake riƙe wa hanyar?”

Ujep ya juya wurina: “Tsohuwa, ina safar ulu mai kauri?”

Akwai abin da kowane mai sauko da ingirici ke yi kafin ya taso. Zai damƙi ƙanƙara ya matse a tafin hannu. In ta dunƙule, tana da riƙo, sarƙa ɗaya ake naɗa wa katakon ta zama birki. In ta zube kamar gari, ko ta yi ɓawo, sarƙa biyu. Ujep bai taɓa kuskure ba, har daga ƙauyen ƙetare ake tambayarsa. Ranar idi da sassafe ya hau, sarƙoƙi biyu a wuya.

Ni kuma na ɗauki miyar sha'ir a tulu na je bakin titin na tsaya, inda mata ke jira tun da. Ni kaɗai. Florian ya sa igiya ya tare masu zamiya, ya ce minti goma. Suka jeru da rigunansu ja da rawaya, suna ta ciro waya. Wata mata ta tambaye ni ko wasa ne aka shirya wa baƙi, da ƙarfe nawa ake maimaitawa.

Wajen sha ɗaya Ujep ya ɓullo daga cikin itatuwa. Yana zaune a gaba tsakanin ƙahonin amalanken, wato bakin katakon nan biyu da suka lanƙwasa sama, dugadugai a ƙasa, tulin ingirici a bayansa ya fi shi tsawo. Yana tafe daidai, kamar kullum. Har ma ya ɗaga mini haɓa.

Sai katakon ya taka titin.

Ƙarar ce ta fara canzawa. Ƙanƙarar Allah shiru take a ƙarƙashin amalanke, wannan kuwa sai ta yi ƙara kamar ana wasa wuƙa. Farin da ke sama na sama ne, ɗan siriri, ƙarƙashinsa na inji ne, wata biyu ana dannewa har ya zama gilas. Na ga ya kafa dugadugai, babu abin da suka kama. Gindin kayan ya juya ya wuce shi. Suka tafi a karkace, shi da kayan, har ginshiƙin ƙarfen da ke ɗauke da waya.

Ban san yadda na isa wurin ba. Florian na durƙushe yana magana a rediyo. Ujep idonsa biyu, ƙirjinsa kuwa ba yadda na san shi ba.

“Tresl. Ya ƙetare?”

Ingiricin ya watse a tsakiyar titi. Na ce, “Saura kaɗan.”

“Ƙarfe nawa?”

“Sha ɗaya da kwata.”

Ya dube ni. Shekara hamsin da ɗaya, na san wannan kallon.

Jirgi mai saukar ungulu ya zo. Likitar ta ce akwai wurin mutum ɗaya, in shiga. Nives ta iso da gudu tana jan hannuna: “Mama, shiga mana!” Na ce ita ta shiga. Na kwance gyalena na shimfiɗa, na durƙusa ina tattara ingirici, iskar jirgin tana kwashe rabi. Na ɗaure, na ɗora a kan abin da ya rage na amalanken, katako ɗaya da ƙaho ɗaya, na ja shi na ƙetare titin. Babu wanda ya taimake ni, don Florian ya hana, ya san abin da takarda ta ce. Ina zuba wa Stela a komi ƙararrawa ta fara.

Ujep ya cika a sama, kafin su sauka asibiti. Nives ce ke riƙe da hannunsa. Ta ce sau biyu ya kira sunana. Har yau in ta zo sai ta ajiye burodi da magani a kan tebur, ta tambayi ƙafata, ta tafi.

Lauyan kamfani ya rubuto cewa ƙunshin gyale ba kaya ba ne. Florian ya je ofishin gari ya ce ya gani da idonsa, ingiricin gidan Ujep ne, a kan amalanken gidan Ujep, kafin ƙararrawa. Aka bar mana hanya, shekara ɗaya. Da ƙanƙara ta narke ya kawo mini sarƙa ta biyu. A ƙusar bukkarmu ta saman dutse ya same ta a rataye.

Da bazara na hau na yanka abin da zan iya, mako guda na yi a kan aikin yini ɗaya. Kafinta ya gyara amalanken, yana aiki yana girgiza kai. Yau saura kwana tara idi. Sarƙoƙin suna nan bayan ƙofa, duka biyun, na shafa musu mai.