Ba Tsakanin Idanu Ba

Karo na uku ke nan goɗiyar ta yunƙura za ta miƙe, ƙafarta ta gaba ta sake lanƙwashewa a inda babu gaɓa. Lorene ta danne mata wuya da ƙirjinta tana cewa, "Kwanta, Tansy. Kwanta, uwata."

Wani rami ne da ciyawa ta rufe goɗiyar ta zurma ƙafa a ciki. Daga nan zuwa gindin dutse inda suka bar mota tafiyar awa huɗu ce a kan doki, waya kuwa ta daina kamawa tun da suka haye rafi. Ko da likitan dabbobi zai faɗo daga sama, aikin da zai yi guda ɗaya ne.

Mijinta Orval na tsaye, hannunsa a kan ƙaramar bindigar da ke ƙugunsa. Shekara goma sha ɗaya yana hawan duwatsun Montana da bindigar saboda tsoron beyar, ƙaton naman dajin can mai kai wa mutane hari. Bai taɓa ganin beyar ba sai a kalandar asibitinsa na haƙori, amma duk wanda ya taɓa cin abinci a gidansu ya haddace nauyin harsashin.

"Wataƙila targaɗe ne," in ji shi.

"Dakta, wannan farin abin da kake gani ƙashi ne."

"To a ɗaure mana. Mu sauka mu nemo mutane."

"Mu dawo bayan awa takwas? Kyarketai su fara cin ta da ranta?"

Ya zaro bindigar. Mutumin da ya shekara talatin yana cire haƙoran jama'a hannunsa bai taɓa rawa ba, yau bakin bindiga sai kewaya yake kamar mai neman adireshi. Da ƙyar ya tsayar da shi tsakanin idanun goɗiyar.

"Kai! Me kake yi?"

"Tsakanin idanu. Ai haka ake yi."

"A fim! Nan ƙashin hanci kawai za ka fasa mata, ta kwanta tana kallonka." Uban Lorene makiyayi ne, tun tana 'yar shekara tara ya nuna mata a goshin wani tsohon doki: layi daga kunnen dama zuwa idon hagu, wani daga kunnen hagu zuwa idon dama, sai a harba a ɗan sama da inda suka haɗu. Ba ta taɓa zaton za ta buƙaci karatun ba. "Ba ni nan. Ka ja naka dokin bayan itatuwan can ka ɗaure shi tamau. Bai san ƙarar harbi ba. In ya tsere, da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwar taka za ka sauka."

Tun da suka yi aure bai taɓa miƙa mata wani abu da sauri haka ba.

"Yaya ake yi da ita?"

"Ki ja wannan baya har ya ce ƙas, sai ki danna kunamar. Lorene, da ni zan..."

"Jeka, jarumi."

Ya tafi yana ɗingishi. Ta dangwali laka da yatsa, ta zana layukan biyu a goshin da ta shekara goma sha tara tana sharcewa. Na farko ya karkace. Ta goge da hannun riga, ta sake.

Tansy ta ɗago kai, tana huci, ta tura hanci cikin aljihun rigar Lorene. Ragowar karas ɗin safe ne a ciki. Lorene ta ciro ta ɗora a tafin hannu.

"Na ɗaure shi!" Orval ya yi kira daga cikin itatuwa. "Lorene? Me kike jira?"

"Tana cin abinci."

"Me?"

"Na ce tana ci!"

Ta ja ƙarfen baya, ya ce ƙas. Ta riƙe da hannu biyu, ta daidaita a ɗan sama da mahaɗar layukan. Goɗiyar na tauna a hankali, gefe ɗaya, yadda tsofaffi ke yi.

Lorene ta jira har ta haɗiye.