Katin da Ya Ƙi Shiga Akwati

Silas ya shekara goma sha ɗaya yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a Sabon Gari, cikin Sakkwato. A garin aka haife shi, don mahaifinsa malamin makaranta ne da aiki ya kawo daga Filato, ya zauna har ya yi ritaya. Silas ya iya aikinsa. Da wuya a kawo masa na'ura ya kasa gano ciwonta, kuma ya san haka game da kansa, wataƙila fiye da yadda ya kamata.

Babban abokinsa shi ne Jafar, falken shanu daga Dundaye. Tare suka fara firamare, amma Jafar ya bari a aji huɗu ya bi mahaifinsa kara, wato kasuwar shanu. Wannan bai raba su ba. Jafar yana kiransa Injiniya, shi kuma yana kiransa Jafaru, kuma matansu, Tabita da Bahijja, suna ziyartar juna.

Jafar kan yi lodin shanu a tirela ya kai Legas. Kwana uku a hanya, sannan ya yi mako biyu ko uku a masauki yana jiran kaya su ƙare. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne ya shiga wani katafaren kanti, aka ɗaura masa wani tabarau mai kauri a fuska, aka ba shi abin riƙewa a kowane hannu. Sai ya ga kansa a kan tsauni yana harba kibiya, ya duba ƙasa ya ga rami. Da ya dawo bai da zancen da ya wuce wannan. Ya sayi tabarau ɗin, amma an gaya masa irin wasannin da ya gani sai da kwamfuta mai ƙarfi. Shi kuwa yana son ƙarama, wadda za ta shiga jakarsa tare da kayan sawa, ya yi wasa da ita a masauki, in ya dawo gida Bahijja ma ta gani.

Silas ya hana shi sayen laftof. Ya ce tana saurin ɗaukar zafi, kuma in wani abu ya mutu a cikinta ba a canza shi da sauƙi. Ya ce ya bari shi zai zaɓo kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa masa da hannunsa.

Mako uku ya yi yana wannan zaɓe, kuma ya ji daɗinsa fiye da duk aikin da ya yi a shekarar. Ya fara da akwatin da za a zuba komai a ciki, ya samu wanda bai fi kwalin takalmi girma ba. Ya zaɓi ƙaramin madabod, allon da sauran kayan ke hawa kansa. Da ya zo kan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, bai ɗauki mafi ƙarfi ba, ya ɗauki wadda ba ta cika zafi ba, don ya san abin da watan Afrilu ke yi wa na'ura a Sakkwato. Ya ƙara fanka biyu sirara. Abin da ya fi ba shi aiki shi ne katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ido zai gani a cikin tabarau. Katin da yake so iri biyu ne masu suna ɗaya: gajere mai fanka biyu, da dogo mai fanka uku. Gajeren ne kaɗai zai shiga akwatin. Har kwali ya yanka daidai tsawonsa ya gwada a kan zanen da ya yi. Da ya gama, ya tura wa Jafar sunan kowane abu da lambarsa ta waya, don ya sayo a kasuwar kwamfuta ta Legas.

Bayan wata guda Jafar ya dawo. Ranar Asabar ce da la'asar, ko gida bai biya ba, ya zo shago da kayan. Akwai mutane a wurin: Lawwali mai sayar da wayoyi a shagon kusa, da wata malamar makaranta, Malama Janet, da ta zo karɓar na'urarta. Duka suka tsaya kallo. Silas ya ɗaura madabod, ya sa furosesa, ya jera wayoyin wuta, yana yi yana bayani. Da ya buɗe kwalin katin hoto sai ya ga fanka uku. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ya cire fanka ɗaya ta akwatin ya sake gwadawa. Katin ya fi wurin tsawo da kamar yatsu biyu.

Ransa ya ɓaci, ga idon mutane a kansa. Ya ajiye katin a kan tebur ya dubi Jafar.

"Na rubuta maka komai dalla-dalla," in ji shi. "Lamba ma sai an karanta maka? Wannan ba saniya ba ce da za ka dubi ƙaho da tozo ka saya."

Lawwali ya yi dariya. Malama Janet ta sunkuyar da kai tana duba jakarta. Jafar ya mayar da kowane abu cikin kwalinsa a hankali, ya ce gajiyar hanya na damunsa, za su yi magana. Ya ɗauki kayansa ya tafi.

Kwana biyu bayan haka Silas yana neman lambar wani a waya, sai ya faɗa kan saƙon da ya tura wa Jafar. Ya karanta layin katin hoto sau uku. Lambar dogon katin ce a rubuce, mai fanka uku. Shi ne ya kwafo ta daga shafin da ba daidai ba. Jafar ya sayo abin da aka rubuta masa, ko harafi ɗaya bai kuskure ba.

Ya gaya wa Tabita da ya koma gida. Ta ce ya hau babur ya tafi Dundaye a ranar, ko aƙalla ya kira shi. Silas ya ce ba zai je hannu sake ba, zai fara aika a kawo gajeren katin, ya je da shi, haƙurin ya fi yin ma'ana. Tabita ta ce Jafar ba kati yake jira ba. Bai saurare ta ba. Gaskiyar ita ce kunya ce ta hana shi, katin kuwa ya ba shi dalilin jinkiri. Sai da aka yi mako bakwai kafin katin ya iso.

Silas ya samu Jafar a zauren gidansu. Jafar ya tarbe shi da fara'a, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura mai sanyi, ya tambayi lafiyar Tabita da tsofaffi. Silas ya fito da waya ya nuna masa saƙon, ya ce laifin nasa ne tun daga farko, kuma maganar da ya faɗa bai kamata ta fito daga bakinsa ba.

"Na sani, Injiniya," in ji Jafar. "Tun Legas na sani. Mai shagon ya ce min katin ga ba shi shiga akwatin ga, har sau biyu yana faɗi. Na ce mai abokina ya rubuta, kuma bai kuskure ga aikinai."

Silas ya tambaye shi me ya hana shi faɗa a ranar, tunda saƙon na cikin wayarsa.

"Gaban mutane? Shagonka ne, nan kake cin abinci. In na buɗe waya na nuna, gobe Lawwali ya kai labari ko'ina."

Sannan Jafar ya ce ya yafe, komai ya wuce. Ya kai shi wani ɗaki ya nuna masa na'urar. Wani mai gyara ne a unguwar Minanata, Hamza, ya haɗa masa ita a cikin babban akwati mai tsawon gwiwa. Tana aiki lafiya lau, Bahijja ma ta iya harbin kibiyar fiye da shi. Sai dai ba ta zuwa ko'ina. In zai yi Legas, a gida yake barin ta.

Silas ya fito da gajeren katin, ya ce ya ba shi kwana ɗaya kawai, zai mayar da komai cikin ƙaramin akwatin kamar yadda suka shirya. Jafar ya karɓi kwalin ya jujjuya shi, ya miƙa masa abinsa. Ya ce a bar ta haka, tunda an riga an haɗa, ba ya son a sake kwance ta. Ya raka shi har wurin babur, ya ce ya gaida gida.

Ba su yi gaba ba. In sun haɗu a ɗaurin aure ko a hanya sukan gaisa sosai, su tambayi iyali, wani lokaci har su yi dariya. Amma Jafar bai ƙara neman shawararsa a kan komai ba, kuma Silas ya daina jin ranar da zai yi tafiya sai dai daga bakin wasu. Gajeren katin ya yi kusan shekara a cikin kabad ɗin shago. Daga baya wata ɗalibar jami'a mai koyon zanen gine-gine ta zo neman kati, ya sa mata shi a tata na'urar.