Wanda Ya Fara Saki

Gilashin yana sama a tsakaninsu, Babba a kan gangar dama, Ƙarami a kan ta hagu, lokacin da na hangi gwiwar Babba tana rawa. Direban tirelar yana tsaye a ƙasa yana cika su da surutu, wai kayan da ya ɗauko ba sa jiran kowa. Na ajiye almakashi na miƙe daga bakin shagona. Ban ma san abin da zan yi ba in na ƙarasa, don ni tela ne, abu mafi nauyi da nake ɗagawa shi ne dutsen guga.

Shagona da garejinsu bango ɗaya ya raba, kuma rabin bangon ba bulo ba ne, tsofaffin gilasan manyan motoci ne da Babba ya jera ya ɗaure da waya. Ta cikin tsaguwarsu na daɗe ina kallon 'yan'uwan nan biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya a bayan garejin, sana'a ɗaya, amma tun ina da baƙin gashi rabon da in ji sun gaisa. Maganarsu ba ta wuce ta aiki: ɗaga, matso, danna.

Gilashin gaban tirela ya fi ƙofar ɗaki girma, mutum ɗaya ba ya iyawa da shi. Dole biyu su hau ganga, su ɗaga tare, su zaunar da shi a bakin robarsa, sannan ɗaya ya shiga ciki ya ja igiyar da aka zagaya a cikin robar, ɗayan yana dannawa daga waje. Ubansu ne ya koya musu, kuma doka ɗaya tak ya bar musu: wanda ya ji zai saki, ya faɗa.

Wata rana, da daɗewa, aka saki ba a faɗa ba. Gilashin ya sauko a kan ƙafar hagun Ƙarami ya yanke masa jijiya. A lokacin yana koyon tuƙi, burinsa ya bar garejin ya riƙe babbar mota tasa. Ƙafar da za ta taka kuloci ita ce ta tafi. Babba ya ce wa kowa gaggawar yaro ce, Ƙarami ne ya fara saki. Ƙarami ya rantse har ya gaji. Unguwa ta gaskata Babba, domin ba a taɓa ganin gilashi ya fashe a hannunsa ba. Tun daga nan Ƙarami yake ɗingishi, yana saka wa wasu gilashin da za su kalli hanya ta cikinsa.

Na taɓa tsokanarsa, na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya dube ni ya ce ai harshe ne ke kwana da ciwon. Ban ƙara ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba su rabu ba. Kowannensu ya gwada ɗagawa da wani, amma bai ji daɗin hannun ba, ya dawo.

A 'yan watannin nan hawan jini ya matsa wa Babba. Likita ya hana shi hawa ganga, matarsa kuma ta roƙe ni in riƙa sa masa ido. Amma wane ni in hana Babba abin da ya sa kansa? Ga shi nan a sama, gumi yana tsiyaya daga gemunsa, gilashi yana karkata ta gefensa kaɗan kaɗan.

"Ƙane," in ji shi, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Zan saki. Riƙe."

Ƙarami ya cusa kafaɗarsa a ƙarƙashin gilashin, ya tokare da ƙafar nan mai ciwo. Direba ya yi tsalle ya kama gefe, ni ma na kai hannu na taɓa abin da na samu. Muka jingina shi a jikin motar, ko ƙwarzane bai yi ba. Babba ya zame ya zauna a kan gangar, hannunsa na hagu yana reto kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Ranar ma ni ne," ya ce. "Na ji yana zame mini, ban faɗa ba. Kunya ce ta hana ni."

Direba bai san zancen da ake yi ba, sai kallonmu yake. Ƙarami ya sa direban ya kama masa suka zaunar da gilashin, ya shiga cikin mota ya ja igiyarsa, ya fito ya watsa ruwa yana duba ko zai yi yoyo. Muna ɗauke Babba zuwa asibiti yana can yana goge gilashin da tsumma, bai juyo ba.

Da aka sallamo Babba, ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kwantar da shi a ɗakinsa, wanda tagarsa ma guntun gilashin wata tanka ce. Kullum in na rufe keken ɗinki nakan shiga in duba shi. Ɗakin yana warin man zafi da roba, tsofaffin safar hannunsa suna rataye a ƙusa. Duk motsin da labule ya yi sai ya juyar da ido. In ya ga ni ne, sai ya mayar da idon kan rufin ɗaki. Ban ji haushi ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Matarsa ta je ta samu Ƙarami, ta yi kuka, ta haɗa shi da darajar mahaifiyarsu. Ya saurare ta da ladabi, ya ce to. Bai shiga ba. Ni ma na je, na same shi yana zare tsohuwar roba daga wata mota. Na ce masa mutumin nan fa ba daɗewa zai yi ba, kuma duk abin da ya yi, ya dai buɗe baki ya faɗa a gaban mutane.

"Tela," ya ce, bai ɗago ba, "shekarun nan duka jira nake ya faɗa. To ya faɗa. Ƙafar kuma ga ta nan yadda take."

Na koma shago raina a jagule, ina jin haushinsa, ina kuma ganin gaskiyarsa. Bayan haka na sha hango shi ta tsaguwar gilasan bango, ya ɗingisa har ƙofar ɗakin Babba, ya cire takalmi ɗaya, ya tsaya, sannan ya mayar da shi ya koma bakin aikinsa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Wata tirela ta tsaya a bakin gareji, birkinta ya yi hucin nan nasa. Ban kai ga zura zare ba na ji matar Babba tana kirana. Na tarar da Babba a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, fuskarsa tana fuskantar waje. Ta ce ruwa kawai ta je ɗebowa. Da alama ƙarar motar ya ji, ya yunƙura zai fito. Na taɓa wuyansa, na duba ƙirjinsa, na dubi matar. Ta gane, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Na yi ƙoƙarin mayar da shi gado, na kasa ko motsa shi. Sai labule ya ɗaga. Ƙarami ne, ba takalmi a ƙafarsa, hannuwansa baƙi ƙirin da roba. Ya tsaya yana kallon yayansa, leɓensa yana motsi ba sauti.

"Koma wajen ƙafafun, Tela," ya ce.

Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannuwansa a ƙarƙashin kafaɗun Babba, ya jingina kan a ƙirjinsa. Ya ce ɗaga, muka ɗaga. Muka kai shi bakin gado, na shimfiɗa ƙafafun, na zare hannuna. Ƙarami bai zare nasa ba. Yana nan a sunkuye, rabin nauyin gawar a jikinsa. Matar ta matso a hankali ta ce ya kwantar da shi haka nan, ya isa.

"Bari tukuna," in ji shi. "Ban ce zan saki ba."

A waje direban tirelar ya danna oda, ya sake dannawa. Hasken rana ya ratso ta guntun gilashin taga ya zana tsaguwarsa a kan zanen gado. Ƙafar hagun Ƙarami tana ta rawa a kan siminti, shi kuma yana riƙe.